Kalmar "Rabo" da Takwarorinta: Darasi daga Tarihin Mubi

Wannan maƙala za ta dubi kalmar "rabo" da takwarorinta a wasu harsuna, tare da kafa hujja da tarihin Mubi.

A Hausa, "rabo" ta samo asali daga aikatau "raba". Tana nufin tsaga abu kashi-kashi, kamar rabon gado, tana nufin rabuwa, kuma tana nufin abin da Allah ya ƙaddara wa mutum. Shi ya sa ake cewa wane ya yi rabo, ko abu ba rabonsa ba ne. Ba Hausa kaɗai ke da wannan faɗaɗar ma'ana ba. A Larabci, "ƙisma" daga tushen ƙ-s-m tana ɗauke da ma'anar kaso da ta ƙaddara. Turkawa sun are ta, daga gare su kuma Ingilishi ya sami "kismet", wadda ƙaddara kaɗai take nufi. Haka "moira" take a tsohon Girkanci. Fulfulden Adamawa kuwa ta bambanta aikin da sakamakonsa: "senndugo" rabawa, "geɗal" kaso.

Kalmar Ingilishi "division", daga Latin "dividere", ta zo ne da ma'anar yankin mulki. Hausa ba ta fassara irin waɗannan yankuna da "rabo" ba, sai da "yanki", "gunduma" da "lardi", wadda ta fito daga Larabci "al-arḍ", wato ƙasa.

Mubi ta ɗanɗana dukan ma'anonin. Jamusawa sun mamaye ta a 1903. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, Mubi ta faɗa kason Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, mutum 146,296 na Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna, daga baya ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Iyakar ƙasa kuwa ta bar Gude da Fali da Fulani a ɓangarorin biyu.

Saboda haka, bai kamata manhajar Hausa ta taƙaita "rabawa" ga darasin lissafi ba. Muna ba da shawarar a koyar da kalmar tare da wannan tarihi, domin ɗalibi ya bambance rabon da aka yanke wa kakanninsa a Turai da wanda suka zaɓa da ƙuri'arsu.