Kurmin Osun na Osogbo: Tarihin Sabuwar Fasaha a Tsohon Wurin Tsafi

Gabatarwa

Akwai wani reshe na fasahar zamani wanda ba a rataye shi a bango, ba a kuma ɗauke shi zuwa gidan adana kayan tarihi. Mai fasaha yakan gina aikinsa ne a wani keɓaɓɓen wuri, har wurin da aikin su zama abu guda. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda irin wannan fasaha ta ceci kurmin Osun da ke Osogbo a ƙasar Yarabawa, da kuma muhawarar da ta haifar.

Asalin Kurmin

Bisa tarihin baka, Larooye da wani maharbi mai suna Olutimehin ne suka kafa Osogbo, bayan sun ƙulla alkawari da Osun, abar bautar da Yarabawa suka danganta da kogin: ita za ta kare garin, su kuwa za su riƙa kai mata sadaka duk shekara. Wannan shi ne tushen bikin watan Agusta, inda wata budurwa da ake kira Arugba take ɗaukar ƙwaryar sadaka zuwa bakin kogi, Sarki Ataoja da jama'a suna biye. Masu bauta sun ɗauki ruwan kogin a matsayin magani, musamman ga matan da ke neman haihuwa.

Amma zuwa shekarun 1950 al'amari ya sauya. Yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ta rage masu hidimar wurin, gara ta cinye ɗakunan tsafi, manoma da masu saran itace da mafarauta suka yi ta kutsawa cikin kurmin.

Zuwan Susanne Wenger

An haifi Susanne Wenger a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1915. Ta iso Nijeriya wajen 1950 tare da mijinta na lokacin, Ulli Beier. Ba da jimawa ba tarin fuka ya kwantar da ita. Bayan ta tashi, sai ta kusanci Ajagemo, babban mai tsafin Obatala a garin Ede, aka shigar da ita addinin gargajiya, aka kuma san ta da sunan Adunni Olorisha. A ƙarshen shekarun 1950 ta koma Osogbo, inda masu hidimar Osun suka nemi taimakonta wajen gyaran ɗakunan da suka zube.

Wenger ba ta tsaya ga gyara ba. Ta tara masu sana'a na garin, irin su Adebisi Akanji wanda asalinsa birkila ne, da Buraimoh Gbadamosi, da Kasali Akangbe, da Rabiu Abesu, suka kafa abin da aka kira Sabuwar Fasahar Tsafi. Da siminti da ƙarfe da laka suka gina ganuwa da ƙofofi da manyan mutum-mutumi, kamar na Iya Moopo, suna lanƙwasa su yadda za su saje da saiwoyi da rassan itatuwa. Hikimar a nan ita ce, wurin da aka ga hannun mutum a kansa ba a ɗaukarsa dajin da ba mai shi. A 1965 gwamnati ta sa kurmin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 2005 kuma hukumar UNESCO ta shigar da shi, mai faɗin hekta 75, cikin jerin kayan gadon duniya, na biyu a Nijeriya bayan Sukur ta jihar Adamawa da aka shigar a 1999.

Muhawara

Masana sun rabu a kan wannan aiki. Wasu suna ganin surorin sun fi kama da salon Turai na ƙarni na 20 fiye da sassaƙar Yarabawa, wadda ta saba da ƙananan gumakan itace da ake ɓoyewa a ɗaki. Wasu kuwa suna kafa hujja da cewa masu bauta da kansu sun karɓi gine-ginen, suna kai musu sadaka, kuma da babu su da yanzu kurmin ya zama gonaki da gidaje, kamar yadda ya faru ga mafi yawan kurame irinsa a ƙasar Yarabawa.

Kammalawa

Wenger ta rasu a Osogbo a 2009. Matsalar da ta bari ita ce, siminti ma yana tsagewa a cikin damshin kurmi, don haka aikin yana bukatar magada da suka iya gyaransa. Ban da wannan, rahotannin da suka fito wajen 2022 sun nuna cewa haƙar zinariya ta gurɓata kogin. Idan ruwan da ake sha don neman waraka ya zama abin tsoro, to mutum-mutumin za su ci gaba da tsayuwa, amma dalilin da ya sa aka gina su zai kasance cikin haɗari.