Hukumar TAC: Tarihin Kafuwarta da Fitar Malaman Najeriya Koyarwa a Ƙetare

Lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960, makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Jihar Arewa sun dogara ne a kan baƙi wajen koyar da Turanci da lissafi da kimiyya, domin 'yan ƙasa masu digiri ba su taka kara sun karya ba. Ƙungiyar VSO, wadda Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa a Ingila a 1958, ta riƙa aiko da matasa 'yan sa-kai, wato masu aiki don taimako bisa ɗan alawus maimakon cikakken albashi. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka karɓi mutanenta, sannan Jamhuriyar Nijar ta karɓi nata rukunin a 1962, waɗanda malaman Turanci ne. Bayan yaƙin basasa, musamman da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, gwamnatocin jihohin Arewa sun koma ɗaukar malamai 'yan kwantiragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Gana, har ya zama ɗaliban Gombe na wancan zamani, lokacin tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas sannan Jihar Bauchi, sun saba jin Turanci da karin harsuna iri-iri.

A cikin waɗannan shekaru Najeriya ma tana ba da agaji, sai dai nata agajin tsabar kuɗi ne. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sa gwamnati ta buɗe bakin aljihu ga ƙasashe ƙanana da ƙungiyoyin neman 'yanci na kudancin Afirka, kuma a 1976 ta ajiye dala miliyan 80 a Bankin Raya Afirka a matsayin asusun ba da rance mai sauƙi. Aibin kyautar kuɗi shi ne, da zarar ta shiga baitulmalin wata gwamnati sai a nemi sawunta a rasa, talakan ƙasar bai san an bayar ba, balle ya san wanda ya bayar. Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira, sai kuɗin kyauta ya yi wuya, alhali jami'o'i na ta yaye ɗalibai waɗanda babu gurbin aiki a gabansu.

Wannan yanayi ne ya haifar da Hukumar Ba da Agajin Ƙwararru, wadda aka fi sani da TAC, a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Wanda ya kawo shawarar shi ne ministan harkokin waje na lokacin, Farfesa Bolaji Akinyemi, masanin dangantakar ƙasa da ƙasa, kuma hujjarsa mai sauƙin fahimta ce: maimakon a aika kuɗi, a aika mutum, domin likita a asibiti ko malami a gaban allo kowa yana ganinsa, kuma kowa ya san daga inda ya zo. An taƙaita aikin ga ƙasashen Afirka da na tsibiran Karibiyan da na tekun Fasifik, wato rukunin da ya haɗu a 1975 don yin ciniki da ƙasashen Turai da murya ɗaya. Akinyemi ya bar kujerar minista a ƙarshen shekarar, amma shirin ya ɗore, har aka ba shi gindin zama na shari'a da Doka ta 27 ta 1993, wadda ta sanya shi ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ba kasafai shirin da minista ɗaya ya ƙirƙiro yake wuce zamaninsa a Najeriya ba, wannan kuwa ya ratsa gwamnatocin soja da na farar hula.

Tsarin aikin bai sauya sosai ba tun farkonsa. Ƙasar da ke da buƙata ita ce take rubuto irin ƙwararrun da take so, sai hukumar ta yi shela, ta tantance takardu, ta yi wa masu nema intabiyu, tana lura da rabon gurabe tsakanin jihohi. Wanda ya yi nasara akan tara shi da 'yan'uwansa a Abuja a yi musu bita kan ƙasar da za su da kuma ladubban wakilci, sannan ya tafi na shekara biyu. Najeriya ce ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓi baƙo kuma ita ke da alhakin masauki da kula da lafiyarsa. Ma'aikacin gwamnati yakan nemi izinin ma'aikatarsa ya tafi, gurbinsa na jiransa. Ta wannan hanya likitoci da nas-nas da injiniyoyi da lauyoyi da malamai suka yi aiki a ƙasashe fiye da 30, ciki har da Gambiya da Saliyo da Yuganda da Habasha da Ruwanda da Jamaika da Beliz da Fiji.

Malamai suna cikin waɗanda aka fi nema, kuma akwai dalilai biyu da suka sa malamin Najeriya ya yi kasuwa. Na farko shi ne jarrabawa: Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya sun yi tarayya a hukumar WAEC tun kafuwarta a 1952, Laberiya ta shigo a 1974, saboda haka malamin da ya shekara goma yana shirya ɗalibai wa takardar Turanci a Gombe, da insha'i da auna fahimta da taƙaita labari, idan aka kai shi Banjul ba ya buƙatar a buɗe masa manhaja, domin ya san inda ɗalibi ke tuntuɓe kuma ya san abin da mai duba takarda ke nema. Ƙasashen da ba sa cikin wannan hukuma ma suna da tasu buƙatar, kamar Habasha da ke koyarwa da Turanci a manyan makarantunta, da Ruwanda wadda ta sauya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Turanci a 2008.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma garuruwa irin su Kwadon, da ke gabas da birnin Gombe a kan hanyar Dadin Kowa cikin ƙaramar hukumar Yamaltu da Deba, sun isa misali. Yaron da ya tashi a wannan yanki yakan fara da Teranci ko Fulatanci a gida, ya ɗauki Hausa a kasuwa da filin wasa, sai ya tarar da Turanci a aji a matsayin harshe na uku. Idan irin wannan yaro ya girma ya zama malami, ta Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 ko ta Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, yana ɗauke da abin da ɗan sa-kai na Ingila bai zo da shi ba, wato sanin wahalar koyon harshen daga waje. Ya tuna yadda aka sha fama da shi kafin ya raba sautin p da na f, da yadda yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon kalma, don haka idan ɗalibi Bamandinke a Gambiya ya yi nasa irin kuskuren, malamin yakan gane cewa harshen gida ne ke jan na makaranta, ya san ta inda zai ɓullo masa. Wanda yake jin Fulatanci ma yakan tsinci kalmomi a bakin Fulanin Gambiya, ko da yake karin ya yi nisa da na Gombe.

Shirin bai tsira daga suka ba. Masu sukar suna tambayar hikimar aika ƙwararren malami wata ƙasa alhali makarantun karkara a gida na kukan rashin malamin Turanci, kuma tambaya ce mai nauyi, sai dai waɗanda ake turawa 'yan kaɗan ne idan aka gwada da dubban masu takardar koyarwa da ke zaune ba a ɗauke su aiki ba, wanda ke nuna cewa matsalar gida ta ɗaukar ma'aikata ce da biyansu. Sukar da ta fi kama jiki ita ce ta kuɗi, domin alawus ɗin waje da dala ake biya, kuma duk lokacin da naira ta faɗi, nauyin kowane ɗan sa-kai a kan kasafin hukumar yakan ƙaru. Haka nan babu wani tsayayyen tsari na cin moriyar waɗanda suka dawo, yawanci kowa yakan koma ajinsa ne da abin da ya gano.

A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Yusuf Buba Yakub, ɗan Jihar Adamawa kuma tsohon shugaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Wakilai, ya jagoranci hukumar. A zamaninsa an ci gaba da tura malaman jami'a zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda, kuma hukumar ta fara maganar wani sabon fanni, inda ƙasashen da ke da hali za su riƙa biyan ladan ƙwararrun da suka nema da kansu, su kuma marasa ƙarfi a ci gaba da tura musu kyauta bisa tsarin 1987.