Fiffiken da ake murɗawa: Rigimar Alƙahira da 'yan'uwan Wright

Wani mai karatu daga Jos ya aiko da tambaya. Ya ce ranar da ya tashi daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, ya leƙa taga ya ga bakin fiffiken jirgin yana lanƙwasawa sama da ƙasa, har gabansa ya faɗi. Shin lahani ne? Ba lahani ba ne. Da gangan ake barin fiffike ya yi laushi, don fiffiken da ya ƙi lanƙwasawa shi ne mai karyewa. Amma tambayar ta taɓo wata tsohuwar rigima da ta cancanci a tono.

Duk wanda ya tsaya a gindin duwatsun Shere ya kalli ungulu tana shawagi, ya ga abin da ake faɗa a kai. Ba ta kaɗa fiffike. Idan iska ta karkatar da ita, sai ta ɗan murɗa bakin fiffike ɗaya, gashin ƙarshe ya baje, nan take ta daidaita. Wannan dabarar ce Wilbur Wright ya ce ya lura da ita a jikin tsuntsaye. A shekarar 1899, a shagonsu na kekuna da ke Dayton a Amurka, ya ɗauki dogon kwalin da ake zuba tub ɗin taya, ya murɗa shi da hannu, ya ga gefe ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauka, kwalin kuma bai lalace ba. A jirgin da ƙanensa Orville ya tashi da shi ranar 17 ga Disamba 1903, matuƙi yana kwance ne rub-da-ciki, ƙugunsa cikin wani katako mai haɗe da wayoyi. Ya gusa hagu, wayoyin su murɗa fikafikan. Daƙiƙa 12 ya yi a sama.

A 1906 aka ba su takardar mallakar wannan fasaha, daga nan zaman lafiya ya ƙare. A 1909 suka maka wani mai ƙera jirgi, Glenn Curtiss, a kotu, duk da cewa shi ƙananan marafai masu motsi ya sa a fiffike, bai murɗa shi ba. Suka bi masu ƙera jirgi na Turai da ƙara. Turawan Faransa, da abin ya yi musu zafi, sai suka shiga neman wanda ya riga 'yan'uwan Wright, suka same shi a ƙasar Masar.

Louis Mouillard mutumin Lyon ne, ya yi noma a Aljeriya, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira cikin talauci da rashin lafiya a 1897. Shekara da shekaru yana bin ungulayen Masar da ido, yana auna fikafikan tsuntsaye da nauyinsu, har ya fitar da littafi a kansu a 1881. Bayan rasuwarsa aka bincika takardunsa, wasu suka ce ga hujja: shi ya fara gano murɗa fiffike, kuma Octave Chanute, wanda ya yi wasiƙa da shi sannan ya yi abota da 'yan'uwan Wright, shi ya kai musu sirrin. A 1912 aka kafa masa mutum-mutumi a unguwar Heliyofolis ta Alƙahira.

Wilbur ya mayar da martani a rubuce a shekarar, 'yan makonni kafin zazzaɓin taifot ya kashe shi. Ya yaba wa Mouillard ƙwarai a matsayin mai lura da tsuntsu, amma ya musa cewa shi ya ƙirƙiro dabarar. A nan ina tare da Wilbur. Abin da Mouillard ya yi wa rajista shi ne jan bayan fiffike ɗaya don ya tare iska, jirgi ya juya. 'Yan'uwan Wright kuwa sun murɗa fikafikan biyu a tare, sun haɗa su da jelar da ke juya jirgi, sun kuma tashi da abin sau ɗaruruwa kafin su ɗora inji. Mouillard ya ga abin da ungulu ke yi da idon da ba kowa ke da shi ba, amma bai kai ga sarrafa jirgi da shi ba.

Inda ba na tare da su shi ne shari'ar. Ɓangarensu ya ci nasara a kotu a 1914, amma ƙarfin da ya kamata su zuba a ƙira ya tafi wajen lauyoyi, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa gwamnatin Amurka ta haɗa masu takardun mallaka wuri ɗaya a 1917. Kafin nan murɗa fiffike ya fara mutuwa. Matuƙin Faransa Blériot ya tsallake tekun Ingila da shi a 1909, amma da gudu ya ƙaru, sai aka ga katako da yadi ba za su yi laushin murɗawa kuma su ɗauki nauyi ba. Jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka sauka Kano a Nuwamba 1925, marafai ne a fikafikansu.

Marafan suna da tsada da ba a gani. Kowace tsaga da kowane maɗauri yana yaga iska, ya ƙara shan mai da ƙara. A wuri irin Heipang, mai tsayin sama da mita 1,200, inda iska ba ta da kauri, abin da fiffike ke iya ɗagawa lissafi ne na kullum. Shi ya sa injiniyoyi suka koma baya: hukumar NASA ta gwada fiffike mai sauya siffa a jirgin F-111 daga 1985, ta gwada mai murɗewa a F/A-18 daga 2002, sannan a 2014 ta ɗora bayan fiffike marar tsaga na kamfanin FlexSys a jirgin Gulfstream. Boeing 787 da Airbus A350 suna ɗan gyara lanƙwasar fikafikansu a tsakiyar tafiya don rage shan mai, amma har yau da marafai suke yin hakan.