Bagega: Yadda Matasa Suka Bi Sawun Naira Miliyan 850

A shirin yau zan mayar da mu baya kaɗan, zuwa Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara. Duk mai cewa rubutun soshiyal midiya surutu ne kawai, to ya ba ni aron kunnensa.

A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bincika sai aka gano gubar dalma ce. Masu haƙar zinare na kawo duwatsu cikin gari ana niƙawa, har a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Innalillahi.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Bagega kuwa, da ta fi su girma, aka bar ta. Kuma matsalar ita ce, likitoci ba za su fara ba da magani ba sai an share garin, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan, an yi ba a yi ba kenan. Yara wajen 1,500 na jira.

A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. Wata ya wuce, wani ya bi, shiru kake ji.

To a nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara abin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka je Bagega da ƙafarsu, suka ɗauko hotuna da bayanan mutanen gari, suka saka a Twitter da Facebook ƙarƙashin #SaveBagega. A watan Disamba ƙungiyar Human Rights Watch ta nemi jama'a su riƙa rubutu a shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan suna tambayar kuɗin. Ƙarshen Janairun 2013 aka amince a saki kuɗin, aikin share garin ya kankama, a cikin shekarar kuma yara suka fara samun magani.

Kada mu ruɗi kanmu fa, ba rubutu kaɗai ya yi aikin ba. Akwai matsin likitoci, akwai 'yan jarida, akwai majalisar dattawa. Amma ku duba yadda aka tsara tambayar: ga sunan gari, ga adadin kuɗi, ga watan da aka yi alƙawari, ga hoton da kowa ya san wanda ya ɗauka da inda ya ɗauka. Jami'in gwamnati ba shi da kwanar da zai sha. Sannan bayan an saki kuɗin ba su naɗe tabarma ba, sun ci gaba da bibiyar inda ya shiga.

Mu yanzu yaya muke yi? Hoto ya shigo WhatsApp, ba gari ba kwanan wata, mu tura shi gaba da zagi. Gobe a gano na wata ƙasa ne, sai a ce duk maganarmu ƙarya ce, har da ta gaskiyar. Idan muna son gwamnati ta buɗe littafinta, mu ma dole mu nuna inda muka samo namu labarin.

Don haka ga aikin gida. Zaɓi abu ɗaya a unguwarku, ko asibitin sha-ka-tafi ne ko ajin da rufinsa ya yaye. Ɗauki hoto da kanka, sa suna da rana. Nemi abin da aka ware masa a kasafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambayar ma'aikatar tarayya a rubuce, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa.

Ku ajiye min abin da kuka gano a ƙasan wannan rubutu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.