Pashto: Harshen Al'ummar da Turawa Suka Raba Gida Biyu

Tun kafin Gwamna Lugga ya turo sojojin da suka ci Kano a 1903, ya fara ɗanɗana yaƙi ne yana ƙaramin hafsa a Afganistan, daga 1879 zuwa 1880. Da yawa daga cikin waɗanda Ingila ta gwabza da su a can Pashtunawa ne, masu harshen Pashto.

Pashto dangin Farisanci ne, kuma masu jin sa sun haura miliyan 40. Cibiyoyinsa su ne Kandahar da Jalalabad a Afganistan, sai Peshawar da Kwetta a Pakistan. Abin da ya watsa su a ƙasashe biyu shi ne iyakar da Baturen Ingila Mortimer Durand ya shata da Sarki Abdurrahman Khan na Afganistan a 1893, wadda ta ratsa tsakiyar ƙasarsu. Duk wanda ya san yadda aka raba Katsina da Maraɗi ya san zafin wannan yanka.

Da baƙaƙen Larabci suke rubutu, sun ƙara wasu domin sautukan da Larabci ba shi da su, kamar yadda malamanmu suka yi wa ajami. A ƙarni na 16 Bayazid Ansari ya rubuta littafin Khairul Bayan. Bayansa aka yi Khushal Khan Khattak (1613 zuwa 1689), jarumin da ya yaƙi daular Mughal da takobi da alƙalami, da Rahman Baba, sufin da har gobe ake rera waƙoƙinsa na tsoron Allah. Matan karkara ma suna da tasu waƙar, landai, mai layi biyu kacal, wadda suke zuba soyayya da baƙin ciki a cikinta.

Al'adarsu, Pashtunwali, ta ɗora wa kowa karrama baƙo, da ba da mafaka ko ga maƙiyi, da kai rigima gaban majalisar dattawa, wato jirga.

A 1936 Sarki Zahir Shah na Afganistan ya ɗaga Pashto zuwa harshen hukuma, aka kuma kafa masa cibiyar nazari a Peshawar a 1955. Yau labarin yaƙi kaɗai muke ji daga yankin. Amma al'ummar da ta riƙe harshenta da alƙalaminta duk da iyaka da yaƙe-yaƙe ta cancanci mu san ta da mawaƙanta da malamanta.