Yadda Magabata Suka Rubuta Ƙagaggun Labarai: Darasi Ga Marubutan Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Duk lokacin da muka zauna a taron wannan ƙungiya tamu aka tabo maganar rubuta ƙagaggun labarai, uzuri uku nakan ji daga bakin 'yan'uwana ɗalibai. Wani ya ce karatu ya sha masa kai, sai ya gama digiri tukuna. Wani ya ce ba shi da kuɗin ɗab'i. Wani kuma, musamman a cikinmu mu 'yan ƙasar Dutse, ya ce ai rubutu sai Kano, mu nan me ya taɓa faruwa da har za a sa a littafi? Ni kaina na daɗe ina fakewa da waɗannan uzurori, har sai da na yi wata asara wadda zan ambata nan gaba. Wannan ne ya sa na koma na bi tarihin rubutun zube na Hausa, ba don in jera sunayen littattafai ba, sai don in ga yadda marubutan suka zauna, da abin da suke ci da kansu da shi, da kuma yadda suka sami sukunin rubutu. Ga abin da na tsinta.

Gasar 1933

Mafarin ƙagaggun labarai na Hausa cikin boko shi ne gasar da Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya shirya a shekarar 1933. Ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilmi su ƙago labari su rubuta. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a wancan zamani ana ganin tatsuniya aikin mata ne da yara, bai kamaci malami ya ɓata tawadarsa a kanta ba. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East suka rubuta tare.

To, ya mai karatu, dubi mutanen nan da kyau. An haifi Abubakar Imam a 1911, wato shekarunsa 22 ke nan a lokacin gasar, sa'an yawancinmu, yana kuwa koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wansa Bello Kagara shi ma malami ne a Katsina. Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ajiye aikinsa don ya zama marubuci. Suna shiga aji, suna duba aikin yara, suna ɗauke da hidimar gida, a tsakanin haka suka yi rubutun da har yau muke nazari a jami'a.

Darasi na farko ke nan: mai son rubutu ya riƙe sana'arsa ko karatunsa, ya yanki wani ɗan lokaci ya keɓe wa alƙalami. Ni dai na ga bayan sallar asuba ya fi mini, kafin ɗakin kwana ya cika da hayaniya. Wanda ya rubuta shafi ɗaya kullum, in wata uku suka cika yana da shafi 90, Ruwan Bagaja kuwa bai kai haka kauri ba. Da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora.

Wata shida a Zariya

A shekarar 1936 aka aro Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai. Cikin kamar wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya har zuwa na uku, mai ɗauke da labarai fiye da 80. Manazarta sun gano asalin da yawa daga cikinsu a Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm. Haka kuma shi da kansa ya faɗi cewa Maƙamatul Hariri ta yi masa jagora wajen tsara Ruwan Bagaja. Amma duk wanda ya karanta ya san Imam bai kwafa ba. Ya tuɓe wa labaran rigunansu na asali, ya sa musu na Hausa, da fada, da 'yan kama, da alƙalai, da ɓarayin kasuwa, har yaro a Kiyawa ko Jahun ya karanta ya zaci a garinsu aka yi abin.

Akwai darasi biyu a nan. Na ɗaya, wanda ba ya karatu ba zai yi rubutu mai armashi ba, sai an cika tulu ake tsiyayawa. Na biyu, rubutun Imam ya bi ta hannun mai gyara. East yana dubawa, yana sokewa, yana mayar masa, shi kuwa bai ɗauki wannan a matsayin raini ba. Mu fa? Da yawa cikinmu in aka ce wannan babi ya yi tsawo, sai gaba ta tashi har a daina gaisawa. Ya kamata kowane mai rubutu ya sami mutum ɗaya ko biyu masu gaya masa gaskiya, ba masu yabonsa ba. In ya gama labari ya ajiye shi mako biyu, sa'an nan ya ɗauko ya karanta da ƙarfi. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, akwai gyara a wurin.

Daga ina labari ke fitowa?

In muka sake duban littattafan 1933 za mu ga biyu daga cikinsu a kan tarihin da ke bakin tsofaffi aka gina su. Ganɗoki ya taso ne daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, Shaihu Umar kuwa daga zamanin harin bayi da fataucinsu ta Hamada. Marubutan ba su ga waɗannan abubuwa da idonsu sosai ba, amma sun tarar da waɗanda suka gani, sun kuma kasa kunne.

A nan ne nake son in amsa wa masu cewa ba abin rubutawa a ƙasarmu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. A ƙarni na 19 Ningawa sun yi ta kawo hari ƙasashen Dutse da Birnin Kudu suna kama mutane. Lokacin Basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, Yusufawa a Takai suka kafa sansani, nan maƙwabtanmu. A 1906 Haɗejiya ta gwabza da Turawa har Sarki Muhammadu ya rasa ransa. Ga zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu. Ga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birni, ma'aikata suka kwararo cikin ƙaramin gari, gonaki suka zama ofisoshi da gidaje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi guda.

Ga asarar da na yi alkawarin faɗa. Kakata ta wajen uba tana da wani labari da ta ji daga tata kakar, na yadda mutanen ƙauyensu suka kwana a cikin duwatsu saboda mahara, da yadda wata uwa ta toshe bakin jaririnta don kada kukansa ya tona asirin jama'a. Ta san sunan kowa, ta san kogon da aka ɓuya, ta san abin da ya sami jaririn. Duk hutu sai in ce in na dawo na gaba zan zauna in rubuta. Ina aji biyu a jami'a Allah ya yi mata rasuwa. Na bi 'yan'uwan mahaifina ɗaya bayan ɗaya, kowa ya riƙe guntu, ba wanda ya riƙe ƙarshen. Saboda haka shawarata ita ce, kada marubuci ya rabu da ɗan littafin aljihu da biro. Ya zauna da tsofaffi a zaure, ya shiga kasuwar Shuwarin ya ji yadda dillali ke ciniki, ya tsaya wurin masu hawan dabino ya ji sunayen kayan aikinsu. Abin da ya ji ya rubuta a ranar, domin gobe ta Allah ce.

Daga kamfani zuwa kasuwa

Bayan Hukumar Talifi, sai Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da Kamfanin NNPC a 1966 suka ci gaba da ɗab'i, duk a Zariya. A 1978 NNPC ya sa wata gasa wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, matar aure mai hidimar gida, wadda ta buɗe wa mata ƙofa a wannan fage. An buga su a 1980.

Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanoni suka ja baya daga buga labaran Hausa. Marubuta ba su naɗe hannu ba. Matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don taimakon juna. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara da Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino shi ma ta makarantar manya ya sami boko, amma In Da So Da Ƙauna na 1991 ya shiga lungu da saƙo na ƙasar Hausa. To, in waɗannan ba su jira digiri ko kamfani ba, mu da muke zaune a kan kujerun jami'a mene ne hanzarinmu?

Sai dai zamanin ya bar mana gargaɗi. Gaggawar kai littafi kasuwa ta sa da yawa sun fito da kurakuran rubutu, ba a bambanta ƙ da k, ba a raba kalmomi daidai. Yau da ake rubutu a wayar hannu abin ya ƙaru. Ɗalibin Hausa ba shi da uzuri a kan ƙa'idojin rubutu. Kuma wanda ke rubutu a waya ya riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam, don na san abokin da wayarsa ta faɗa rijiya da babi 14 a ciki.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa malaman makaranta, da matan aure, da ɗaliban ajin dare su suka gina wannan adabi, ba mutanen da suka sami hutu ba. Sun riƙe sana'a, sun keɓe lokaci, sun yi karatu, sun saurari manya, sun karɓi gyara. Ƙofofi kuwa ba su rufe ba, ga misali gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016. Ina roƙon kowane ɗan wannan ƙungiya, in ya je hutu, ya dawo mana da labari ɗaya da ya ɗauko daga bakin wani tsoho na garinsu, mu karanta a taro mu gyara wa juna. Ni na riga na fara bin guntayen labarin kakata, inda ya yanke kuma zan ƙago in cike, tun da aikin mai ƙagaggen labari ke nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace, amin.