Firgita da ƙwacewar doki: Dalilansu da yadda ake magance su

Firgita ita ce zaburar da doki ke yi ba zato idan ya ga ko ya ji abin da bai aminta da shi ba, sai ya yi tsalle gefe, ko ya turje, ko ya juya da baya. Ƙwacewa ta fi ta haɗari, domin a nan dokin kan zura da gudu ya daina sauraron linzami baki ɗaya. Abin ya fi tayar da hankali a kuru, wato ƙaramin dokin da tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 148 ba, saboda yawanci yara ake ɗorawa a kansa.

Tsoro halitta ce a jikin doki. A daji farautarsa ake yi, gudu kuma shi ne makaminsa. Idanunsa na gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da daidai goshinsa da daidai bayansa, shi ya sa abin da ya ɓullo daga waɗannan wurare kan razana shi. Idonsa kuma yana jinkirin sabawa idan ya fito daga rana ya shiga inuwa. Don haka firgita jefi-jefi ba aibu ba ce. Abin lura shi ne idan ta riƙa ƙaruwa, musamman a dokin da a da aka san shi da natsuwa.

A irin wannan hali, ciwo ake fara zargi kafin a zargi hali. Sirdin da bai dace da bayan doki ba yana jawo miki, majayin da aka ɗaure fiye da kima yana ƙuntata masa. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan tsawon rayuwarsa, gefen turamensa kan yi kaifi ya yanki kunci da harshe, idan aka ja linzami sai zafin ya ninku. Likitan dabbobi yakan goge su, kuma ya kamata a duba su aƙalla sau ɗaya a shekara. Akwai ciwon ido, akwai ɗingishin da bai fito fili ba, akwai kuma gyambon ciki, wanda yakan kama dokin da ake barin cikinsa babu ciyawa na tsawon sa'o'i.

Abinci da ɗauri su ne na biyu. Dokin da ke sake yakan shafe kusan sa'o'i 16 a rana yana kiwo yana tafiya. Wanda ke ɗaure a turke kuwa, ana ɗura masa dawa da gero da dusa, ba a fita da shi kilisa sai Sallah ta gabato, ƙarfi ne ya taru masa ba inda zai kai shi. A ranar Hawan Daushe sai ya tarar da tambura da algaita da ƙarar bindiga da dubban jama'a lokaci guda. Kuru ya fi saurin cika da hatsi, domin ɗan abinci kaɗan ke isarsa. Rage hatsi, da ƙara ciyawa da harawa, da fita kullum, sau da yawa suna rage matsalar.

Sai kuma abin da dokin ya koya. Duk ranar da ya ƙwace ya tsira daga abin da yake tsoro, ko ya koma barga, ya gane cewa gudun ya biya. Bulala da ƙaimi bayan firgita suna ƙara dagula lamarin, don dokin zai haɗa abin da ya gani da zafin da ya sha. Haka ma sauya masa linzami mai tsanani. Linzamin gargajiya mai zobe ya riga ya yi ƙarfi ainun, dokin da bakinsa ke zafi kuwa gudu yake ƙarawa.

Gyaran daga ƙasa yake farawa. Ana riƙe dokin da ragama, a nuna masa abin da ke firgita shi, leda ce ko babur ko ganga, daga nesan da zai iya tsayawa. Idan ya natsu ya sauke kai, a janye abin, gobe a matso kaɗan. Tafiya tare da tsohon doki mai sanyin hali tana taimakawa ƙwarai. A cikin fili mai shinge ake koya masa tsayawa da lanƙwasa wuya da jan kamazuru ɗaya, tun yana takawa a hankali kafin a kai ga sassarfa.

Idan ya riga ya ƙwace, jan kamazuru biyu da ƙarfi ba tare da sassautawa ba yana ba shi abin jingina ne kawai. Mahayi ya zauna daram, ya riƙa ja yana saki, in akwai fili ya karkata shi cikin babban da'ira yana rage faɗinta sannu a hankali. Juya shi farat ɗaya yana cikin sukuwa kan iya kayar da doki da mahayi. Yaro kuwa ba a mayar da shi kan kurun da ya soma ƙwacewa sai gogaggen mahayi marar nauyi ya gyara shi, likita ya duba shi, sannan a soma da wani babba riƙe da ragama, yaron kuma sanye da hular kwano.